Daren jiran jirgi: daga gulbin Rima zuwa Bahar Maliya

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san irin wannan fitowa. Jaruma ta leƙo barandar wani ƙasaitaccen otal da daddare, iska na kaɗa gyalen ta, can ƙasa ga teku, ga wani jibgegen jirgin ruwa ya kunna fitilu kamar unguwa guda, ya na jiran gari ya waye a yi lodi. A cikin irin wannan jirgi Aamir Khan ya haɗu da Manisha Koirala a fim ɗin 'Mann' na 1999. A cikin irin sa aka ɗauki yawancin 'Dil Dhadakne Do' na 2015. Uwa-uba kuma 'Titanic' na 1997, wanda ya ratsa 'yan kallo har sai da Farouk Ashu-Brown ya juya shi zuwa Hausa a 2003 da sunan 'Masoyiyata'.

Abin da finafinan ba su cika nunawa ba shi ne daren da ya gabaci tafiyar. Ran 10 ga Afrilu, 1912 ne jirgin Titanic na gaskiya ya tashi daga Southampton ta Ingila. A daren jajibiri, wasu daga cikin manyan fasinjojin sa, har da Bruce Ismay shugaban kamfanin da ya mallaki jirgin, sun kwana ne a otal ɗin South Western da ke daf da tashar. Dalilin su guda ne: jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Duk kuɗin ka, in ka makara sai dai ka ɗaga masa hannu daga gaɓa.

Har yau masu yawon shaƙatawa a teku haka su ke yi, su na isa garin da jirgi zai tashi tun ana gobe, su kama ɗaki a bakin ruwa. Sabon abin shi ne da yawan su ba sa fidda ko kwabo a wannan dare. Da "maki" su ke biya, wato ladan da kamfanonin otal ke rubuta wa mutum duk lokacin da ya sauka a wurin su. Mai karatu zai ce wannan harkar Turawa da Larabawa ce. To a yi haƙuri tukuna. Akwai wani yanki a ƙasar Hausa da ya daɗe da sanin kwanan bakin ruwa, ya kuma daɗe da sanin masaukin da ake biya da sabo. Wannan yanki shi ne Gobir.

ƘASAR GULABE

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne guda biyu a gabashin Jihar Sakkwato. Isa na maƙwabtaka da Shinkafi ta Zamfara, Sabon Birni kuma ta jingina da iyakar Jamhuriyar Nijar, ɓangaren Maraɗi. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci rairayi ne zalla. Ina! Ƙasa ce ta gulabe. Gulbin Bunsuru da na Gagare su na gangarowa daga Katsina da Zamfara su haɗu a wannan yanki, gulbin Maraɗi ya sauko daga Nijar ya iske su, sai su zama gulbin Rima, wanda ke wucewa Goronyo, inda aka datse shi da madatsar ruwa a 1984, kafin ya isa Sakkwato. Fadamun da ke bakin waɗannan gulabe su ke ba da albasa da shinkafa da tumatir, tudu kuma ya ba da gero da wake.

A bakin Rima ɗin nan, kusa da Sabon Birni, kufan Alƙalawa ya ke, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa su ka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya dawo da jama'ar sa ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa har gobe dangi ɗaya ne a tsallaken iyaka biyu, tsagar fuska iri ɗaya, harshe iri ɗaya. Ita kuwa Isa, ko ba a faɗa ba, masu sauraren waƙoƙin gargajiya sun san ta ta bakin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa.

Da rani gulbin kan janye ya bar yashi, ɗan acaɓa ya ratsa abin sa. Amma da zarar damina ta kankama, wajen watan Agusta, sai ruwa ya cika ya batse, ƙauyukan tsallake su koma sai da kwale-kwale. A nan ne mai fito ke zama sarki. Za ka ji shi tun da asuba ya na kira da harshen sa na Gobiranci: "Ku taho mu tahi, ruwa na ƙaruwa!" Wanda ke da buhunan da zai kai kasuwa, ko mara lafiyar da za a kai asibiti, ya san fiton farko ya fi kowane daraja. Saboda haka tun ana gobe ya kan matso kusa da mashigi, ya kwana gidan wani ɗan'uwa ko abokin ciniki. Hausawa sun ce in ka na taƙamar sammako, wani a tafe ya kwana.

Kuma ruwan nan ba abin wasa ba ne. A watan Agustan 2025 wani kwale-kwale ɗauke da mutum sama da 50 da su ka nufi kasuwar Goronyo ya kife a wannan gulbi. Allah ya jiƙan waɗanda su ka rasu. Wanda ya ga irin wannan ba ya buƙatar fim ya koya masa abin da ake nufi da daren jiran jirgi.

MAKIN FATAKE

To a gidan wa baƙo ke kwana, kuma nawa ya ke biya? Tun zamanin fatake da madugai akwai mutumin da ake kira fatoma, wasu su ce maigida. Falke ya iso gari da shanun sa ko jakunan kanwa, sai ya zarce gidan fatoman sa. A ba shi ɗaki, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwon dare, a ajiye masa kuɗin sa, kuma ba a karɓar ko anini na kwana. Ina ribar maigida? Ta hannun sa da dillalan sa ake sayar da kayan, la'ada ta shigo gidan. Muddin falke na kawo kayan sa wannan gida, ɗaki na nan na jiran sa. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda wannan tsari ke riƙe da cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan, inda fataken Arewa ke sauka.

Duba da kyau, mai karatu, ai wannan shi ne tara maki. Ka riƙe gida ɗaya, gidan ya saka maka da masauki. Sai dai littafin fatoma a ƙirjin sa ya ke. Ya san mahaifin ka, ya san shekarar da fari ya cinye maka dabbobi, kuma ko ka yi shekara biyar ba ka zo ba, ran da ka yi sallama za a ce, "Lale marhabin, ina ka shiga?" A riƙe wannan, za a dawo kan sa.

HANYAR GABAS

Tafiyar da ta fi kowace kai mutanen wannan ƙasa bakin teku ita ce aikin Hajji. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai sosai a shekarun 1950, mai niyya kan yi sallama da gida kamar wanda ba zai dawo ba. A bi ta Kano, a ratsa Barno da Wadai da Darfur, ana tafe ana tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu kuma can su ka zauna. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗan sa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Kogin Nilu, inda su ka kafa garin Mai Wurno da ke Sudan har yau.

Ƙarshen tafiyar ƙasa ita ce Suwakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, mai gidajen da aka gina da duwatsun teku. A nan mahajjaci ke zaman jiran jirgin da zai tsallaka da shi Jidda. Ba dare ɗaya ba, wani lokacin makonni, ana duba lafiya, ana haɗa kuɗin fito. Masaukin sa rumfa ce ko gidan wani Bahaushe da ya riga shi zuwa. Wanda ya kasa biyan jirgin hayaƙi ya shiga na katako mai filafilai, ya miƙa lamarin sa ga Allah. Idan an sauka Jidda kuma, nan ma 'yan'uwa ne ke tarbar sa. Unguwanni irin su Karantina sun daɗe da zama matattarar Hausawa, kafin rusau ɗin da hukumomin Saudiyya su ka fara a 2021 ya shafe su.

JIDDA TA YAU

Garin da kakanni su ka sauka da ƙafa a kumbure shi ne yanzu ya zama tashar jiragen shaƙatawa. A 2021 Saudiyya ta kafa kamfanin Cruise Saudi, a wannan shekara kuma jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga Jidda. A Disambar 2024 su ka ƙaddamar da nasu jirgin mai suna AROYA, mai tsawon mita 335, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,000. An tsara shi daidai da al'adar ƙasar: babu giya, babu caca, akwai wuraren sallah. A zangon sa na farko ya riƙa tashi daga Jidda ya leƙa Sharm el-Sheikh ta Masar da Aƙaba ta Jodan.

Filin jirgin saman Jidda na arewacin gari, tashar jiragen ruwa na kudu, kusa da tsohon gari da ake kira Al-Balad. Tsakanin su ne titin bakin teku ya miƙe, wanda Larabawa ke cewa Kornish, kuma a kan sa manyan otal-otal su ka jeru: Hilton, InterContinental, Park Hyatt mai wurin ajiye ƙananan jiragen ruwa a ƙofar sa, da kuma Ritz-Carlton.

Shi wannan na ƙarshe 'yan fim sun san shi. Gini ne mai siffar fada, da dogayen ginshiƙai da marmara da fitilu masu reto daga rufi, ya na fuskantar maɓulɓular Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama fiye da mita 300. A nan aka gudanar da bikin baje-kolin finafinai na Red Sea a 2022 da 2023. A na 2022 ne aka karrama Shah Rukh Khan, aka kuma nuna 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' shi da Kajol su na wurin. Ke nan wanda ya kama ɗaki a nan a daren jiran jirgi, a kan matakalar da Sharukan ya taka zai taka.

Yaya daren ke kasancewa? Baƙo ya iso da la'asar, a karɓi jakar sa tun daga mota, a tarbe shi da gahawa da dabino. Bayan magariba zafi ya lafa, iyalai su fito Kornish da dardumai da butocin shayi, maɓulɓula ta haska. Mai son tarihi ya shiga tasi zuwa Al-Balad, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya ga gidaje masu tagogin katako da ƙofar da mahajjata ke bi su nufi Makka. Ya dawo ya kwanta, da safe ya karya kumallo a natse, mota ta kai shi tasha cikin ɗan lokaci. Ba gudu, ba faɗuwar gaba. Wannan natsuwar ita ake saya, marmara da fitilu gyara ne kawai.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Yanzu ga batun maki. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ne ya shahara da tsarin tun 1981, otal-otal irin su Holiday Inn da Marriott su ka bi sahu a 1983. Ritz-Carlton na ƙarƙashin Marriott, wanda ya haɗa tsare-tsaren sa wuri ɗaya, ya sa masu sunan Bonvoy a 2019. Hilton na da Hilton Honors, Hyatt na da World of Hyatt. Rajista kyauta ce a intanet. Kamar garaɓasar katin waya ce: ka na sakawa, ana ƙara maka.

Amma a yi lissafi. A yawancin otal-otal na Marriott, kowace dala ɗaya da mutum ya kashe ta na ba shi maki 10. A misali, in ɗakin da ya ke so ya kama maki 50,000 a dare, sai ya kashe dala 5,000 a otal-otal ɗin su kafin ya samu wannan dare na "kyauta". Turawan Amurka na samun sauƙi ne saboda katunan bankin su na zuba masu maki a kan cefanen yau da kullum. Ɗan Nijeriya kuwa galibi sai da kwana, kuma sai a otal ɗin da ke cikin tsarin, irin su Transcorp Hilton na Abuja ko Sheraton da Marriott na Ikeja. Kwana ɗari a Giginya ko Shukura ta Sakkwato ba zai ƙara masa maki ko ɗaya a waɗancan kamfanoni ba. Shi ya sa masu cin moriyar abin su ne 'yan kasuwa da ma'aikatan da aiki ke yawo da su, da alhazan da ke yawan zuwa Umra su na sauka a manyan otal-otal na Makka da Madina.

Akwai sharuɗɗa kuma. A tsarin Marriott, idan aka yi wata 24 ba a motsa asusu ba, maki ya ƙone. Tun 2022 su ka daina tsayayyen farashi, yanzu makin ɗaki na hawa da sauka kamar farashin albasa: lokacin biki ko hutu ya yi tsada, lokacin da ba kowa ya sauko. Wanda ya saya ta hannun wasu shafukan dillalai galibi ba a rubuta masa maki. Daɗin da ke ciki shi ne mai biyan dare biyar a jere da maki, na huɗu kawai ake cire masa. Kuma mai hankali kan duba ƙa'idar sokewa kafin ya danna, ya kuma tabbatar da bizar ƙasashen da jirgin zai tsaya.

A nan ne fatoma ya yi wa kwamfuta zarra. Shi ba ya ƙona sabo don an yi wata 24 ba a gaisa ba. Saboda haka idan ƙanen ka ya ga wata jaruma ta ɗora hoton ta a Instagram daga barandar otal a Jidda ko Dubai, ya fara tunanin sayar da babur ɗin sa, ka ce masa, "Ƙane, bi a hankali." Ko dai aljihu ya biya, ko mai gayyata ya biya, ko kuma an shekara ana kashe kuɗi ana tara maki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

ZANGON FARKO

Ga mutumin Isa ko Sabon Birni, wahalar wannan tafiya ba a Jidda ta ke ba. A ƙofar gida ta ke. Kafin ya ga teku sai ya isa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano. Daga Sabon Birni a bi ta Goronyo, daga Isa a bi ta Marnona. Hanyoyin nan biyu sun sha jini.

A Mayun 2020 'yan bindiga su ka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumbar 2021 hukuma ta katse layukan waya a yankin, aka rufe kasuwannin mako. A Disambar wannan shekara aka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni aka banka mata wuta da mutane a ciki, sama da 20 su ka rasu. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyar sa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun su cikin Agusta. Dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a Jihar Maraɗi, wajen 'yan'uwan su na jini. Can ma, kafin hukumomin agaji su kafa sansani, gidajen jama'a ne su ka fara buɗe masu ƙofa, ba rajista, ba maki.

Shi ya sa matafiyi daga wannan yanki ba ya barin tafiya sai ranar da jirgi zai tashi. Ya kan fito da hantsi, lokacin da motoci ke tafiya a jere, ya isa Sakkwato tun ana jibi, ya sauka gidan kawu ko wani ɗan garin su. Uwa ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, ɗana. In kun isa ka kira." Daren farko na jiran jirgi ke nan, a kan katifar ɗakin baƙi, kuma barcin da ake yi a cikin sa bayan an tsallake Marnona lafiya, ko Ritz-Carlton ba ya sayar da irin sa.

Masu shirya finafinai da ke neman labari su kan tafi Dubai neman lokeshin mai teku. To ga labari nan a gida, da ruwan sa da jirgin sa: kaka ya kwana a rumfar Suwakin, uba ya kwana gidan fatoma a Ibadan, jika ya kwana a Kornish da makin da ya tara, kuma dukkan su daga bakin gulbi ɗaya su ka taso. Abin da ya rage shi ne Allah ya kawo ranar da darakta zai iya loda kyamara da 'yan wasa a mota, ya nufi Alƙalawa da damina, ya ɗauki fiton asuba, ya dawo gida lafiya.